Babi na Biyar: Matsar da Bango da Milimita 300

Zanen gida da ke cikin AutoCAD jerin lambobi ne. Kowane layi yana da lambobin inda ya tashi da na inda ya tsaya, kowace da'ira tana da na cibiyarta da na girmanta, kuma su ne manhajar take ajiyewa a fayil. Fararen layukan da kake kallo a kan baƙin allo hoto ne da ta haɗa maka daga waɗannan lambobi, don ido ya sami abin bi. Idan ka matsar da bango, abin da ya faru a ciki lissafin tarawa ne: bangon da ke kan 4200 ya koma 4500, an ƙara masa 300. Abin da ya dame mu a wannan babi shi ne inda manhajar ta samo wannan 300. Ko dai yatsunka ne suka buga ta a madannai, ko kuwa hannunka ne ya yi ta jan linzami har ido ya ce ya isa haka.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Mai zane mudun ake nema a wurinsa, kuma lissafi kaɗan zai nuna dalili. Allunan kwamfuta da yawa suna da ɗigon haske 1920 daga hagu zuwa dama. Idan ka baje fili mai tsawon ƙafa 100, wato milimita 30480, ya cika faɗin allon, kowane ɗigo ɗaya yana wakiltar kusan milimita 16 a ƙasa. Linzami ba ya iya tsayawa tsakanin ɗigo da ɗigo. Komai natsuwar hannunka, idan da ido ka ajiye bangon, zai iya sauka a 4493.7 ko 4508.2, kuma a allo ba za ka ga bambancinsu da 4500 ba. Ka kusanto da zanen sau goma, kuskuren ya ragu sau goma, amma yana nan.

Masu zane na zamanin allon katako da takarda sun san wannan iyaka. A zanen da aka yi a ma'aunin 1:100, layin alƙalami mai kaurin rabin milimita yana cin milimita 50 na ginin gaske. Shi ya sa suka dogara ga lambar da aka rubuta a kan layin awo, har sukan rubuta gargaɗi a gefen takarda cewa kada a auna zanen da rula. Matsar da bango kuwa a wurinsu aikin reza ne: a kankare tawada a hankali kada takarda ta huje, a sake ja. Kwamfuta ta kawo abubuwa biyu. Na farko, ana zana komai da girmansa na gaske, sai wajen bugawa a rage. Na biyu, ta raba aikin hannu da aikin lissafi. Tun a 1963, a manhajar Sketchpad da Ivan Sutherland ya rubuta a jami'ar MIT ta Amurka, mutum kan ja layuka da alƙalamin haske yadda hannu ya ba shi, sa'an nan ya gaya wa na'ura cewa wannan layi da wancan tsawonsu ɗaya ne, ko a miƙe suke kafaɗa da kafaɗa, ita kuma ta daidaita su. Da kamfanin Autodesk ya fito da AutoCAD a Disamban 1982, ya sa wurin buga umarni da lambobi a ƙasan allo, kuma duk sauye-sauyen da aka yi wa manhajar ba a cire shi ba.

Makama da masauki

Mu ɗauki zanen gida mai ɗakuna uku da aka yi da milimita. Tsakanin falo da ɗakin kwana akwai lungu mai faɗin 900. Maigida ya duba ya ce ya yi matsi, ba a iya wucewa da gado ko kabad ba tare da an goga fenti ba, a mai da shi 1200. Bangon gabas na lungun zai matsa gabas da 300.

Ka buga M ka danna Enter, wannan shi ne umarnin MOVE. Manhajar za ta ce ka zaɓi abin da za a matsar. Ka zaɓi layukan bangon, ka danna Enter. Daga nan za ta nemi wurare biyu, ɗaya bayan ɗaya. Na farko wurin da za a kama abin, zan riƙa kiransa makama. Na biyu wurin da makamar za ta sauka, wato masauki. Yawancin masu koyo suna ɗauka dole makama ta kasance a jikin bangon. Ba dole ba ne. Manhajar ba ta damu da inda wuraren biyu suke ba, abin da take ɗauka shi ne nisan da ke tsakaninsu da fuskar da aka dosa, ta ɗora wa duk abin da ka zaɓa. Za ka iya danna makama a can gefen zane inda babu komai, bangon ya tafi daidai. Sau da yawa ma hakan ya fi, domin a sarari babu layin da zai fisgi linzaminka.

Hanya mafi sauri ita ce wannan. Ka danna F8 don kunna ORTHO, wanda ke hana linzami tafiya sai dai a miƙe, kwance ko tsaye. Bayan ka danna makama, ka ja linzami zuwa dama, nisa ko kusa duk ɗaya, kada ka danna komai. Ka saki linzamin, ka buga 300, ka danna Enter. Linzami ya nuna hanya, lamba ta faɗi nisa, bango ya tafi 300 cif. Abu ɗaya za ka kiyaye: ka tsayar da linzamin a sarari, inda babu ƙaramar alamar da ke fitowa a ƙarshen layi ko tsakiyarsa. Waɗannan alamu na OSNAP ne, wanda F3 ke kunnawa da kashewa, kuma idan suka kama wani wuri sukan rinjayi ORTHO, bangon ya tafi a karkace.

Hanya ta biyu ba ta buƙatar linzami ya nuna komai. A wurin masauki ka buga @300,0. Alamar @ tana nufin a fara ƙirga daga wurin da aka tsaya na ƙarshe, wato makama. Lambar farko tafiya ce a kwance, ta biyu a tsaye. Dama da sama ana rubuta su haka nan, hagu da ƙasa ana sa musu alamar ragi. Saboda haka @-300,0 zai kai bangon yamma, @0,450 zai kai shi arewa, @300,-150 kuma gabas da 300, kudu da 150, a tafiya ɗaya. Wannan tsari na bayyana wuri da lambobi biyu ana danganta shi ga René Descartes, wanda ya wallafa aikinsa na lissafin siffofi a 1637, kuma shi ne dai abin da aka koya mana a sakandare da takardar girafi. Ni wannan hanya na fi amincewa da ita idan zane ya cika da layuka, domin babu abin da zai iya karkatar da ita.

Idan tafiyar a gicciye take, sai ka ba da nisa da kusurwa: @1000<45. Manhajar tana fara ƙirga kusurwa daga gabas, ta bi ta arewa, akasin yadda hannun agogo yake juyawa. Gabas 0, arewa 90, yamma 180, kudu 270. Ka lura @1000<45 da @1000,1000 fuska ɗaya suka dosa amma nisansu daban. Na farko tafiyar 1000 ce a gicciye, wadda ta yi daidai da kusan 707 gabas da 707 arewa. Na biyu tafiyar kusan 1414 ce.

Akwai abin da ke rikita mutane idan suka zauna a kwamfutar da ba tasu ba. Tun daga AutoCAD 2006 an ƙara ƙananan akwatuna da ke bin linzami, inda lambar da ka buga take bayyana, F12 ke kunna su. Idan suna kunne, manhajar tana ɗaukar lambobin masauki a matsayin nisa daga makama ko da ba ka sa @ ba, sai ka sa # idan ainihin wuri a zane kake nufi. Idan suna kashe, 300,0 ba tare da @ ba yana nufin wurin da ke milimita 300 daga tushen zanen, inda lambobi suke 0,0, kuma can makamar za ta tafi da bangonka. Maganinsa ka saba wa yatsunka buga @ kullum. Tana aiki ko akwatunan na kunne ko a kashe.

Umarnin MOVE yana da wata ƙofa da ƙwararru suke so, wadda kuma take tsorata ɗalibai. Idan aka nemi masauki ka danna Enter ba tare da ka ba da komai ba, manhajar tana ɗaukar lambobin makama a matsayin nisan tafiyar. Wanda ya san haka yakan buga 300,0 tun a wurin makama, ya danna Enter sau biyu, an gama. Wanda bai sani ba kuwa, ya danna kusurwar bangon da lambobinta suke 48250,31600, hannunsa ya zame ya danna Enter, sai bango ya ɓace daga allo. Bai goge ba. Ya tafi mita 48.25 gabas da mita 31.6 arewa, yana can zaune. Kada ka sake zana wani, domin na farkon zai ci gaba da zama a gefe yana ɓata lissafi da bugu. Ka buga U ka danna Enter, ya dawo.

Game da riƙe Ctrl a danna kibiya don abu ya gusa kaɗan: idan SNAP (ba OSNAP ba) na kashe, wannan gusawa da ɗigon allo ake auna ta, nisanta ya dogara ga yadda ka kusanto da zanen. Ta dace da gyara zaman rubutu. Kada ta taɓa bango.

Da nawa, ko daga ina

Buƙatu biyu ne suke kama da juna, kuma rabin wahalar masu koyo daga haɗa su take. Ɗaya ita ce a matsar da taga da 600. Ɗaya kuma a ajiye taga 600 daga kusurwar ɗaki. A ta farko ka san nisan tafiya. A ta biyu ba ka san shi ba, kuma ba ka buƙatar saninsa. Abin da mutane suke yi shi ne su auna inda tagar take yanzu, su ga 437, su cire daga 600, su matsar da ita da 163. Idan ainihin lambar 437.28 ce manhajar ta nuna maka 437, ka ɗauko tsohon kuskure ka kai shi sabon wuri.

A nan makama tana da muhimmanci, dole ta zama a jikin abin. Ka kunna OSNAP, ka kama gefen tagar daidai a ƙarshen layi, ka jira alamar murabba'i ta fito kafin ka danna. Da aka nemi masauki ka buga FROM ka danna Enter, ka danna kusurwar ɗakin ta ciki, sa'an nan ka buga @600,0. Gefen tagar zai sauka 600 daga kusurwa, ko daga ina ta taso. Wanda bai saba da FROM ba yana iya yin tafiya biyu: ya kai tagar ta manne da kusurwar, ya sake matsar da ita da 600. Sakamakon ɗaya ne. Idan kuma tsakiyar bango ake so tagar ta zauna, ka kama ta a tsakiyarta, a wurin masauki ka buga M2P, ka danna kusurwoyin ɗakin biyu, manhajar ta nemo rabin tsakaninsu da kanta.

Ka tambayi kanka kullum daga wace fuska ta bango ake awon. Bangon bulo mai inci 9 ana zana shi 225 ko 230, gwargwadon al'adar ofis, mai inci 6 kuma 150. Awo daga fuskar ciki, da awo daga tsakiyar bango, da awo daga waje, lambobi uku ne daban. Injiniyan da zai tsara ginshiƙai yakan yi aiki da tsakiya, mai sa tayil da fuskar ciki. A bango mai inci 9, taga da ta sauka 600 cif daga layin da ba shi ake nufi ba, ta yi kuskuren fiye da milimita 100.

Bango ba shi kaɗai yake tsaye ba

Mu koma lungunmu. Idan MOVE ka yi wa bangon gabas, zai tafi ya bar bangayen da suka haɗu da shi a inda suke: a gefe ɗaya giɓin 300, a ɗaya gefen layuka sun shige cikin juna. Umarnin da ya dace da wannan aiki shi ne STRETCH, ana kiransa da S. Yana tambayar makama da masauki kamar MOVE, yana karɓar @300,0 kamar yadda MOVE yake karɓa. Bambancin a wajen zaɓe yake. Dole ka ja akwatin zaɓe daga dama zuwa hagu, wanda yake fitowa kore. Duk abin da ya shiga akwatin gaba ɗaya zai matsa. Duk layin da akwatin ya ratsa, ƙarshensa da ke ciki zai matsa, na waje ya tsaya, layin ya ƙara tsawo ko ya ragu. Da jan akwati ɗaya bango ya tafi, ƙofar da ke jikinsa ta bi shi, bangayen gefe sun miƙe, layin awo ya koma 1200 da kansa.

Kafin ka ja akwatin, ka duba ko akwai shimfiɗar zane da aka kashe ko aka kulle. Abin da ke cikinta ba zai motsa ba. Haka ake samun zanen da bango ya matsa amma soket ɗin lantarki da bututun ruwa suna tsohon wuri, a tsakiyar lungu. Kuma 300 da lungu ya samu daga ɗakin kwana aka ciro ta. Idan ɗakin 3600 ne ya koma 3300, ya kamata maigida ya ji wannan daga bakinka kafin a zuba harsashi.

Aunawa bayan an matsar

Bayan kowace tafiya mai muhimmanci ka buga DI, wato DIST, ka danna wurare biyu da OSNAP. Za ta ba ka nisa, ta kuma rarraba shi uku: na kwance, na tsaye, da na tudu. Idan gabas kawai ka matsar, na biyu da na uku su zama sifili. Idan na tudu ya nuna wata lamba a zanen da ya kamata ya zama shimfiɗaɗɗe, to makama ko masauki ya kama wani layi da ke sama, abin da yakan faru a zanen da ya fito daga hannun safiyo, inda layukan tudu da kwari suke ɗauke da tsayinsu na gaske. Daga sama komai yana kama da daidai, amma tsawon da manhajar take lissafawa ya canza.

DIST ma tana iya rufe maka gaskiya idan ba ka buɗe mata baki ba. Manhajar tana ajiye kowace lamba da alƙaluma kusan 15 zuwa 16, amma abin da take nuna maka ya dogara ga abin da aka zaɓa a UNITS. Idan an ce kada ta nuna komai bayan ɗigo, 2999.6 zai fito 3000. Lokacin bincike ka sa ta nuna alƙaluma huɗu bayan ɗigo. Layin da aka yi da lamba zai nuna 3000.0000, wanda aka yi da ido zai tona kansa.

Wani zai ce, kuma yana da hujja, birkila ba ya aiki da rabin milimita. Tef ɗinsa da igiyarsa da kaurin siminti tsakanin bulo da bulo duk sun fi wannan kuskure girma nesa ba kusa ba. Gaskiya ne, bangon da za a gina ba zai san da 0.4 ba. Takardar da za a ba birkilan ita za ta sani. A ce ɗakuna uku a jere ainihin faɗinsu 2999.6 da 1199.6 da 3599.6. Layukan awo za su nuna 3000 da 1200 da 3600, wanda jimlarsu 7800 ce. Dogon layin awo da ke samansu zai nuna 7799. Mai duba zane a ofishin ba da izinin gini, ko ɗan kwangila mai lissafi, zai tara ya ga ba su haɗu ba, kuma daga nan ya fara shakkar sauran lambobin. Ban da wannan, layukan da ba su haɗu a kusurwa ba suna hana manhajar cike fili da zanen tayil, suna hana ta fitar da faɗin ɗaki, wanda da shi ake lissafin kuɗin kaya. Idan kuma zanen na ƙofar ƙarfe ne da za a kai wa injin yanka, injin layin yake bi yadda yake a fayil, giɓin da ido bai gani ba zai iya sa ya ƙi karɓar siffar ko ya bar ƙarfen bai rabu ba.

Akwai wata gajeriyar hanya da nake roƙon mai karatu ya nisance ta. Maigida ya ce a mai da lungu 1200, lokaci ya ƙure, sai mai zane ya danna lambar da ke kan layin awo ya goge 900 ya rubuta 1200, bango yana inda yake. A takarda ba mai ganewa. Amma ɗakin da ke gefe har yanzu yana nuna 3600, jimlar ginin ba ta canza ba, an ƙirƙiri milimita 300 da babu su a filin. Birkila zai gano haka ranar da ya ja igiya, kuma shi zai yanke hukuncin ɗakin da zai rage, ba tare da ya san inda bim zai bi ba. Injiniyan da ya karɓi fayil ɗin kuwa layukan zai auna, ya tsara ƙarfe a kan 900. Mutane biyu suna aiki da gida biyu daban, kowanne yana ganin zane ɗaya ya bi. Zane amana ce da wasu za su kashe kuɗinsu su kuma kwana a ƙarƙashinta. Idan ka gaji fayil kana zargin an yi masa haka, ka zaɓi layin awon, ka duba bayanansa, ka mai da rubutun zuwa <>, ainihin lambar za ta dawo.

Ƙafa, mita da waƙafi

AutoCAD ba ta san ko 300 milimita ce ko mita ko inci ba. Mai zane ne yake yanke abin da ɗaya take nufi tun farkon aiki. Kafin ka matsar da komai a fayil ɗin da wani ya turo maka, ka auna ƙofa guda. Idan ta nuna 900, milimita ce. Idan 0.9, mita ce, kuma tafiyarka 0.3 za ta zama. Idan 36, inci ne.

A Najeriya zane da milimita ake yi, amma ciniki da magana har yau da ƙafa da inci. Tun 1959 aka tsayar da inci ɗaya a milimita 25.4 daidai, ƙafa ɗaya kuma 304.8. In maigida ya ce a ƙara ƙafa biyu, 609.6 ke nan, kuma ya kamata ka tambaye shi ko 600 ta wadatar, ka rubuta abin da kuka tsayar. Fili mai ƙafa 50 da 100 shi ne 15240 da 30480. Wanda ya zana shi mita 15 da 30 ya yar da 240 a faɗi, fiye da kaurin katanga, da 480 a tsawo.

Masu aiki a Nijar da sauran ƙasashen da ake karatu da Faransanci suna da nasu tarkon. A makaranta an koya musu rubuta ɗaya da rabi da waƙafi, 1,5. A wurin AutoCAD waƙafi shi ne mai raba lambar kwance da ta tsaye, don haka @1,5 yana nufin ɗaya gabas, biyar arewa. Ɗaya da rabi sai da ɗigo, 1.5, ko da manhajar ta Faransanci ce. A can sunan umarnin DEPLACER, amma idan ka sa ƙaramin layin ƙasa kafin sunan asali, ka buga _MOVE, kowace AutoCAD za ta gane, ko da wane harshe aka saka ta.

Sauran manhajoji ba su yi nisa da wannan ba. BricsCAD da ZWCAD suna karɓar umarnin da lambobin kusan yadda suke a nan. LibreCAD, wadda kyauta ce, ta san @ da alamar kusurwa. A SketchUp kana fara jan abin, ka danna kibiyar dama don kulle shi a jan layi ko ta hagu don kore, ka saki linzami ka buga nisan. A Revit kana danna bango, lambobin awo na wucin gadi su fito, ka sauya lambar, bangon ya matsa da kansa.

Zanen safiyo

Inda aka fi yin ɓarna da lambobi masu kyau shi ne wajen ɗora gini a kan zanen fili. Safiyo yana ƙirga kusurwa daga arewa, yana bin hannun agogo. AutoCAD daga gabas take farawa, tana saɓa masa. Idan takardar safiyo ta ce daga wannan dutsen iyaka zuwa wancan digiri 62 da minti 15 ne, nisa mita 30.48, ka buga <62d15' kai tsaye, layin zai fita da tsawonsa daidai amma ya dosa wani wuri dabam. Ko dai ka cire kusurwar daga 90, a zanen milimita ka buga @30480<27d45', ko ka shiga UNITS ka mai da mafarin kusurwa arewa, ka zaɓi bin hannun agogo. Idan ka yi na biyun, ka tuna duk kusurwar da za ka buga daga baya a wannan fayil da sabon tsarin za a karanta ta. Haka kuma takardun safiyo sukan fara rubuta lambar arewa kafin ta gabas, alhali manhajar ta gabas take so a farko.

Lambobin kansu manya ne. A tsarin UTM Najeriya ta faɗa yankuna uku, 31 da 32 da 33. Kano tana yanki na 32, lambarta ta arewa ta haura mita miliyan 1.3. Idan ka mai da wannan milimita, alƙaluma goma sun tafi kafin a zo ɗigo, abin da ya rage wa manhajar na lissafin ƙananan abubuwa ya ragu, kuma a irin wannan nisa ne ake ganin baka da zanen cike fili suna fita ba daidai ba. Saboda haka ka zana ginin a nasa fayil, da milimita, kusa da 0,0. Ka bar zanen safiyo a nasa, da mita, kada ka matsar da shi ko da taku ɗaya, domin lambobinsa su ne shaidar inda filin yake a doron ƙasa. Sa'an nan ka jawo ginin cikin zanen filin da XREF, a rage shi sau dubu, ka kama kusurwarsa, ka yi amfani da FROM daga dutsen iyaka don ba shi tazarar da hukumar tsara gari ta gindaya. Ka tambayi safiyon ko lambobinsa a kan ma'aunin Minna suke ko a kan WGS 84 da na'urar GPS take bayarwa, domin wuri ɗaya yana da lambobi daban a tsarin biyu, kuma bambancin ya kai gomman mitoci, wanda ya isa ya kai gini filin maƙwabci.

MOVE ba ta juya abu. Idan filin a karkace yake, kamar yadda yawancin filaye suke, kusurwa ɗaya ta ginin ce kawai za ta sauka daidai, sauran ukun sai an juya ginin ya bi layin iyaka. Bayan an juya, ka auna tazarar daga iyaka a duka ƙarshen bangon biyu, lambobin su zo ɗaya har alƙaluma huɗu bayan ɗigo. Yadda ake wannan juyi da ROTATE da ALIGN shi ne aikin babi na shida.